Kora Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Yadda Nake Tace Kalmomin Turanci Kafin Su Shiga Labaran Hausa

Labari yakan iso teburin fassara da Turanci, sau da yawa saura minti arba'in a karanta shi. Abin da nake fara yi shi ne in ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar aikatau, domin a labarin da aka raba mutum da gida, ko aiki, ko kujera, ko ƙasa, nan ne nauyin yake. Hannu yana saurin rubuta "an kori wane", kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai Bature ba da ka yake zaɓar kalmar ba. Evict, expel, deport, dismiss, banish, oust, kowace tana faɗin wanda ya yi korar, da inda aka fitar da mutum, da takardar da aka bi, wani lokaci har da ko akwai damar dawowa. In aka zuba su duka a tukunya ɗaya, mai sauraro zai ji an kori mutum, amma an danne masa rabin labarin.

Saboda haka kafin in rubuta komai sai na tambayi kaina: daga ina aka fitar da shi, kuma wa ya fitar da shi?

In gida ne ko shago ko gona, kalmar da za ka fi gani ita ce evict. Asalinta daga Latin ne, tana nufin a yi galaba a kan mutum a gaban shari'a a karɓe abin da ke hannunsa, kuma har yau ƙamshin kotu bai bar jikinta ba. Kuskuren da sabbin masu fassara suka fi yi shi ne su ga "served a notice to quit" su rubuta an fitar da ɗan haya. Ba a fitar da shi ba, notis kawai aka ba shi, kuma tsakanin notis da fitar da kaya akwai tafiya. A dokar da ake aiki da ita a Abuja, in yarjejeniyar haya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biyan wata-wata na wata guda, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida. Dokar haya ta Legas ta 2011 ma kusan haka take. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi wata takardar ta kwana 7, wadda ke shaida masa cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Daga nan sai sammaci, sai zaman kotu, sai hukunci, sannan ma'aikatan kotu su zo su fitar da kaya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne eviction. Duk abin da ya gabace shi, "an ba shi notis" ne, ko "an maka shi a kotu", ko "kotu ta umarce shi ya tashi".

Mai gidan da ya gaji da jira ya je ya yaye kwanon ɗaki, ko ya cire ƙofa, ko ya sauya kwaɗo ɗan haya na kasuwa, lauyoyi suna kiran abin da ya yi self-help, wato ɗaukar doka a hannu, kuma shi ne zai koma mai laifi. A nan jarida za ta ce locked out ko thrown out, ni kuma in ce "ya watso masa kaya waje". In kuwa gwamnati ce ta zo da katafila ta tashi unguwa sukutum, kamar yadda aka yi wa Maroko a Legas a 1990, kalmar ita ce forced eviction, mu kuma muna da rusau, muna da "an tashe su". Kada a haɗa wannan da displace. Displace ba ta da takarda ba ta da wa'adi. Ambaliya ce, ko 'yan bindiga, ko yaƙi, shi ya sa "raba su da muhallansu" ta fi dacewa da ita. Evacuate kuma kwashewa ce don a tsirar da rai, kamar ɗaliban Najeriya da aka kwaso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023. Wanda ya ce an koro su ya yi musu ƙazafi.

Inda na fi daɗewa a kan takarda shi ne labarin aiki, saboda a nan kuskuren kalma yana taɓa mutuncin mutum da aljihunsa. A Turancin ofis da na kotu a Najeriya, terminate da dismiss ba ɗaya ba ne. Terminate yanke yarjejeniyar aiki ce bisa sharuɗɗanta: a ba ka notis, ko a biya ka albashin kwanakin notis ɗin, ka tafi da haƙƙoƙinka. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade mafi ƙarancin notis ga ma'aikatan da dokar ta shafa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Wannan "sallama" nake ce masa. Dismiss kuwa hukunci ne a kan laifi, yakan zo bayan takardar tuhuma da zaman kwamitin ladabtarwa, kuma a aikin gwamnati yana iya tafiya da garatuti. Wannan ita ce "kora" tsantsa. In aka ƙara summarily, ai korar nan take ce ba notis. Ranar da na ga ɗan koyo ya juya terminated zuwa "an fatattake shi", sai da na mayar masa da takardar na ce, "Malam, laifin me ya yi?" Ya duba, ya ce labarin bai faɗa ba. Na ce to ka ga, kai ka ƙirƙira masa laifin.

Sack da fire kalmomin baka ne da na kanun jarida. Ta farkon Ingila ta fi amfani da ita, kuma Najeriya ta gada, ta biyun ta Amurka ce. Ba su gaya maka ko dismiss aka yi ko terminate, sai ka shiga cikin labarin ka nemo abin da wasiƙar ta ce. Lay off, retrench da made redundant duk rage ma'aikata ne saboda aiki ya yi ƙasa ko kuɗi sun ƙare, ba laifin kowa. Sashe na 20 na waccan dokar ya tanadi a fara da wanda ya zo daga baya, tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta. Compulsory retirement ita ce ritayar dole, wadda ta yi suna a 1975 lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi wa ma'aikata fiye da 10,000 tankaɗe da rairaya, kuma daga wannan zamanin ne "with immediate effect" ta zauna a bakin 'yan Najeriya. Suspend dakatarwa ce. Interdict ma dakatarwa ce, amma ta aikin gwamnati, inda ake tsayar da ma'aikaci a kan rabin albashi har a gama bincike ko shari'a.

Akwai kuma kalmomin rufin asiri, waɗanda su ne suka fi wahalar da ni. Let go, relieved of his duties, asked to resign, parted ways by mutual consent. Duk wanda ya san ofis ya san kora ce aka shafa wa mai. To amma ba aikina ba ne in tone abin da majiya ta rufe. In sun ce relieved, sai in ce "an sauke shi daga muƙaminsa". In ƙungiyar ƙwallo ta ce mutual consent, sai in ce "sun raba gari", mai sauraro ya cike sauran da kansa. Step down murabus ne ko sauka. Step aside kuwa, wadda Janar Babangida ya yi amfani da ita a Agustan 1993, matsawa gefe ce, tana barin ƙofa a buɗe, kuma a ganina duk wanda ya fassara ta da murabus ya rufe ƙofar da mai maganar ya bari da gangan.

Makaranta ba ta da wuya. Expel kora ce ta har abada. Rusticate, wadda jami'o'inmu suka aro daga Oxford da Cambridge, asalinta "tura shi ƙauye", kora ce ta zango ɗaya ko biyu, ɗalibi ya dawo ya ci gaba. Advised to withdraw ba ta ladabtarwa ba ce, maki ne ya gaza. Uba da ya ji an ce an kori ɗansa alhali rusticate aka yi, sai ya kwana bai runtsa ba a banza.

Sai kuma ƙasa. A nan tambayar farko ita ce: wanda aka fitar ɗin ɗan ƙasa ne ko baƙo? Deport ta baƙo ce. Hukuma ce ke ɗaukar mutum ta tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu, shi ya sa kalmar take tafiya da to, a ce deported to, a ambaci inda aka kai shi. Misalin da nake ba duk wanda ya zauna kusa da ni shi ne na Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, wanda gwamnatin tarayya ta kwashe ta kai Chadi a Janairun 1980 da hujjar wai ba ɗan Najeriya ba ne. Duk shari'ar da aka yi a kan wannan tambaya ɗaya ta tsaya, kuma da kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne, sai umarnin ya rushe. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya hana a kori ɗan Najeriya daga Najeriya ko a hana shi shigowa. Don haka in na ga jarida ta ce wata jiha ta yi deporting 'yan wata jiha, na san aron kalma ne, sai in rubuta "ta mayar da su jihohinsu".

Ingila da Amurka sun ƙara wa abin wani ƙulli. A Ingila, baƙon da bizarsa ta ƙare aka mayar da shi gida, removal aka yi masa. Deportation an fi ajiye ta ga wanda ya aikata laifi, kuma dokar 2007 ta wajabta ta ga baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, sai in yana da wata kariya. A Amurka tun 1996 takardun hukuma removal suke cewa, ko da yake mutane da jaridu ba su daina cewa deport ba. Repatriate maido mutum gida ne, yana iya zama da son ransa, har gawa ma ana yi mata. Extradite miƙa wanda ake tuhuma ne ga ƙasar da ke nemansa, ta hanyar kotu da yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Abin da aka so yi wa Umaru Dikko a Landan a Yulin 1984, da aka sa shi a akwati aka kai filin jirgin Stansted, ba extradition ba ne, sata ce aka yi yunƙurin yi.

In jama'a ce mai yawa aka ba wa'adi, expel ake cewa. Haka aka rubuta game da umarnin gwamnatin Busia a Ghana a Nuwamban 1969, wanda ya taɓa Yarabawa da Hausawan zango da yawa, da korar 'yan Asiya da Idi Amin ya yi a Uganda a 1972 da wa'adin kwana 90, da ta gwamnatin Shagari a Janairun 1983 wadda ta bar mana sunan jakar Ghana Must Go. Jakada ma expel ake yi masa, amma ta hanya ta musamman. Sashe na 9 na Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ya ba kowace ƙasa ikon ta ayyana jami'in diflomasiyya a matsayin persona non grata, wanda ba a maraba da shi, ba tare da ta faɗi dalili ba. Ba ta kama shi, ƙasarsa ce za ta janye shi. Labarin jakadan Faransa a Nijar, Sylvain Itté, ya nuna amfanin kula da lokaci a jimla: a ranar 25 ga Agustan 2023 sojoji suka ba shi awa 48 ya fice, amma bai bar Yamai ba sai 27 ga Satumba. Tsawon wata guda, daidai shi ne a ce "an umarce shi ya fice". Duk wanda ya ce "an kore shi ya tafi" a wannan tsakanin ya riga malam masallaci.

Sarauta tana da nata kalmomin, kuma Hausa a nan ta fi Turanci wadata. Depose da dethrone tuɓe rawani ne. Banish mataki ne na biyu, daban da na farko: a ɗauke sarkin da aka tuɓe a kai shi wani gari a hana shi fita. Turawa sun kai Sarkin Kano Alu Yola sannan Lakwaja bayan 1903. An kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki Zing a 1996. An kai Sarki Muhammadu Sanusi II Loko sannan Awe a Jihar Nasarawa bayan tuɓe shi a ranar 9 ga Maris 2020, kuma a Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce wannan turawar ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin a kan banishment yake, ba a kan deposition ba, kuma mai fassarar da ya ce kotu ta soke tuɓe shi ya ba da labarin da bai faru ba. Exile tana iya zama ta dole, tana iya zama mutum ne ya tsere da kansa, sai ka duba ko an ce sent into ko went into. Abdicate murabus ne na sarki, kamar yadda aka rubuta game da Sarki Sanusi na farko a 1963 kafin ya koma Azare, ko da kowa ya san matsin lamba ne ya kawo shi.

Kalmar da ta fi kowace yaudarar mu ita ce impeach. Mun saba da "tsigewa", kuma a Najeriya ta zauna daidai, domin in majalisa ta gama bin matakan da tsarin mulki ya tanada, gwamna ya tafi kenan, kamar yadda aka yi wa Balarabe Musa na Kaduna a ranar 23 ga Yunin 1981. A Amurka ba haka ba ne. Impeach a can tuhuma ce kawai daga Majalisar Wakilai, sai Majalisar Dattawa ta zauna ta yi shari'a, kuma sai an samu kashi biyu cikin uku kafin shugaba ya sauka. An yi wa Bill Clinton a Disamban 1998, an yi wa Donald Trump sau biyu, a Disamban 2019 da Janairun 2021, ba wanda Majalisar Dattawa ta samu da laifi. In ka ce "an tsige Trump", mutumin da ke sauraro a shagon mai shayi zai ɗauka an sauya shugaba. Abin da nake rubutawa shi ne "Majalisar Wakilai ta amince a gurfanar da shi gaban Majalisar Dattawa don neman tsige shi". Ta yi tsawo, amma ba yadda za a yi. Oust, topple da overthrow hamɓararwa ce ko kifarwa, irin ta 26 ga Yulin 2023 da aka yi wa Mohamed Bazoum, sai dai oust tana iya zama a cikin jam'iyya ko kamfani ba bindiga. Unseat kayar da mai ci ne a zaɓe. Recall kiranye ne.

Kanun jarida su ne ramin da ake faɗawa in ana sauri. Axed ba sara da gatari ba ne, cirewa ne. Fired kora ce, amma fired at harbi ne, kuma na taɓa tsayar da takarda a bakin ɗakin watsa labarai saboda an rubuta an harbe manajan da korarsa kawai aka yi. Get the sack rasa aiki ne, hit the sack zuwa barci. Shown the door, given the boot, sent packing duk kora ce cikin raha, sai dai sent packing a labarin wasanni fitar da ƙungiya ne daga gasa, "an yi waje da ita". Sent off da given his marching orders jan kati ne, kamar na Sani Kaita a wasan Najeriya da Girka a gasar cin kofin duniya ta 2010. Eject fitar da mutum ne da hannu daga zaure ko filin wasa ko jirgi, nan take, ko da yake Turancin Najeriya yakan ara ta ga ɗan haya. A kotu kuma dismiss tana hawa kan ƙara, mu ce "an kori ƙarar". Struck out daban ce: an cire ta daga jerin shari'u ne, galibi saboda kuskuren tsari ko rashin halarta, kuma mai ƙara yana iya gyarawa ya dawo. Wanda aka yi wa dismiss bayan an saurari hujjoji, sai ɗaukaka ƙara.

In maganar baki ce aka ɗauko a cikin labari, sai in auna zafinta. Leave "tafi" ce ko "fita". Get out ta fi zafi, "fice mini". Get lost da clear off su ne "ɓace mini da gani". Amma mafi tsanani a kunnen Bature wani lokaci ita ce mafi laushi, "I'm afraid I'll have to ask you to leave". Ba tsoro a ciki, ba roƙo, mai gadi yana tsaye a bayanka. Nakan ce "ka yi haƙuri, sai dai ka fita".

Kafin in miƙa takarda, nakan rufe Turancin da hannu, in karanta Hausar da ƙarfi, in tambayi kaina wace kalmar Turanci zan koma in da daga wannan jimlar aka ce in juya. In na rubuta "an tasa ƙeyarsa" na kuma koma deport, to ta zauna. In na rubuta "an kore shi" na ga zan iya komawa kalma biyar, sai in ƙara abin da ya ɓace: wa ya yi, na tsawon wane lokaci, da umarnin wa. Wannan dubawar ba ta wuce minti biyu.

Constructive dismissal ce ta daɗe ba ta da gurbi a takardar kalmomin fassara da muke liƙawa a bango. Ma'aikaci ne ya ajiye aiki da hannunsa, amma don an rage masa albashi ba dalili, ko an ƙwace masa ofis, ko an tura shi inda aka san ba zai iya zama ba, kuma kotun ma'aikata tana iya ɗaukar hakan a matsayin kora. Mun gwada "tilasta murabus", ta yi kama da asked to resign. Mun gwada "korar fakaice", ba wanda ya gane sai da bayani. Wata abokiyar aiki ce ta ɗago kai daga kwamfuta ta ce, "Ai kora da hali ce." Ita muka rubuta, tare da sharaɗin a biyo ta da jimla ɗaya mai bayyana abin da aka yi wa ma'aikacin a karon farko da ta fito a labari.